Shekarar da Aka Cike Mini Ƙashi

Ƙarar ba ta da girma. Kamar an taka busasshen karan dawa ne a bayan gida, ƙas, shi ke nan. Da hantsi ne, ina ɗauke da kwanon kunu zan kai wa Baba zaure, na tsallake dokin ƙofa, na sauke ƙafar dama, sai na ji ta. Ban yi tuntuɓe ba, ban faɗo daga ko'ina ba. Kafin zafin ya iso gare ni, abin da na fara lura da shi shi ne taɓaryar Inna ta tsaya. Tun da safe take daka a gindin darbejiya, har sautin ya zama kamar numfashin gidan, sai ga shi ya ɗauke. Na zauna a ƙasa cikin kunun da ya zube ina kallon ta, ita kuma tana kallon cikin turmi.

"Hanne," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Duba waccan."

Nafisa, saboda ke nake rubuta wannan babi. Ba ki kai karanta shi ba tukuna, amma zai jira ki. Na ji yaran dangi sun fara tsokanar ki wai uwarki ƙafar siminti gare ta, kuma na san wata rana za ki ji wani ya ce kakarki mace ce mai taurin zuciya, wadda 'yarta ta karye a gabanta ba ta ko ajiye taɓarya ba. Duka biyun ba haka suke ba, kuma gara ki ji daga gare ni.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. A gidanmu na Gwarzo, kamar gidaje da yawa a wajenmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da cikinta na ci da wuta. Kunya ce, haka ta gada, haka aka yi mata. Sunana Safiya, amma a bakin Inna ni ce "waccan", ko "yarinyar nan", ranar da take cikin nishaɗi kuma "ta Hanne". Goggo Hanne yayar Baba ce, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ta goya ni, ita ke yi mini kitso, a ɗakinta nake kwana. Ban taɓa ganin wani abu a ciki ba sai a wannan shekara, da na gama sakandare ina jiran kiran kwaleji, na sami kaina a kwance da lokaci mai yawa na tunani.

Ranar aka aika ƙauyen Gammo aka ɗauko Malam Tanko maɗori. Ya zo a kan babur da man shanu a kwalba da kararen da aka fere tsaf. Ya tofa addu'a, ya ja ƙafar, na ga ɗakin ya juya, ya ɗaure. Ɗorin ya kama kuwa, har na fara takawa ina dafa bango. Damina ba ta ƙare ba, wata rana na idar da sallar la'asar na yunƙura zan tashi daga kan darduma, sai na sake jin ƙarar nan, a daidai wurin, ƙasa da gwiwa kaɗan. Da Malam Tanko ya dawo, ya daɗe yana shafa ƙwaurin da babban yatsansa, sannan ya ja da baya ya zauna.

"Malam, ni ɗorina ba ya kwancewa," ya ce da Baba. "Jaki na ɗora a garin Kara, yanzu haka yana can da mangala."

"Au, 'yar tawa ce ka haɗa da jaki?" in ji Goggo.

"Hajiya, jakin bai yi mini ihun da ta yi mini ba." Ya yi 'yar dariya, sannan fuskarsa ta koma daidai. "Wannan ƙashi akwai abin da ke cin sa daga ciki, kuma hannuna ba ya gani. Ku kai ta a ɗauki hoto."

A asibitin garinmu aka fara ɗauka, suka duba suka ce mu wuce Kano. Ni da Baba da Goggo muka tafi. Inna ta raka mu da ido daga ƙofar madafi, ta miƙa wa Goggo ƙunshin dambu, ta ce a sauka lafiya, kamar mai sallamar baƙi. A Kano, bayan gwaje-gwaje da jira, muka shiga wurin likitan ƙashi, wani mai tabarau da fara'a, wanda ke magana a hankali kamar ba layi a waje. Ya ɗaga hoton saitin hasken taga. A nan na fara ganin cikin jikina: farin ƙashi dogo, kuma can sama kusa da gwiwa, wani baƙin wuri mai siffar ƙwai.

"Malam, ka ga nan?" ya ce. "Rami ne, ruwa ne a cikinsa. Ba ciwon daji ba ne, alhamdu lillahi, mun duba. Amma ya ci ƙashin ya bar ɓawo kawai, shi ya sa yake karyewa ba dalili. Abin da nake tsoro shi ne ga shi dab da gwiwa. In ya rufta ta sama, gwiwar ce za ta tafi, ba za ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. Saboda haka kada ta taka, kada kuma a ja lokaci."

Ya ce hanya biyu ce. Ko dai a yanka ni a ƙugu a ɗebo ƙashina a cike ramin da shi, ko kuma a yi ɗan huji a ƙwaurin, a kankare ramin a wanke, sannan a ɗura wani kwaɓi da allura, ya shiga da laushi kamar man goge baki, ya daskare a ciki. Ya ce su a wurin aiki siminti suke ce masa. Da ya gama ya tambaya ko akwai tambaya.

"To, to," in ji Baba. "Allah ya saka da alheri. Za mu yi shawara."

Sai kin san kakanki za ki gane abin da ya faru a nan. Malami ne, yana koyarwa a Islamiyya da safe, yana ba manya karatu a zaure da yamma. A tarbiyyarsa, mai ilimi in yana magana a fagensa ba a tsare shi da tambaya a gaban jama'a, don tambaya irin wannan ƙure ce, rashin ladabi ne. Saboda haka ya naɗe tambayoyinsa duka ya sa a aljihu, ya shigo mota da su, ya zo da su har Gwarzo, inda babu mai iya amsawa.

Daga ranar gidanmu ya rabu biyu, ni kuwa ina kwance a ɗakin Goggo ina jin komai ta taga. Goggo ta ce yankan ƙugu kam sai dai bayan ranta.

"Yarinyar da ko aure ba ta yi ba za a fasa wa ƙugu? Gobe da me za ta haihu?"

"Ai likitan ya ce bai shafi haihuwa ba," in ji Baba.

"Shi ya taɓa haihuwa ne?"

Baba kuma allurar ce ta tsaya masa. Ba kalmar siminti ta dame shi ba, ya san suna ne kawai. Abin da yake son sani shi ne da me aka yi shi. Abin da zai zama ƙashi, in ji shi, ai da ƙashi ake yin sa, to ƙashin me? Na dabbar da aka yanka, ko ta mushe? Na alade? Ko na mutanen da suka mutu a wata ƙasa? Kuma in ya shiga ya zauna, da shi zan yi ta salla har ƙarshen raina, da shi za a sa ni a kabari? Ya kai maganar zaure. Abokansa malamai suka buɗe littattafai, wani ya ce lalura ce ta halatta, wani ya ce ai akwai wata hanyar don haka ba lalura, aka yi ta jawo hujja, kowa da gaskiyarsa, amma babu wanda ya san abin da ke cikin allurar. Goggo ta ce ya koma Kano ya tambaya mana. Ya ce yaya zai koma wurin mutumin da ya ba shi dama ya yi tambaya ya ce babu, yanzu kuma ya zo masa da zargi.

Haka aka yi ta juyawa har gero ya nuna. Kiran kwalejin ya zo, ƙawayena suka tafi, ni ina kwance da ƙafa a kan matashi. Na saba da ramin har na fara jin kamar wani ɗan ɗaki ne a cikina, mai duhu da sanyi, wanda ba wanda ya taɓa shiga. In an yi ruwa ina jin sa yana amsawa. Wani lokaci in rufe ido in ga rufinsa yana tsagewa a hankali kamar rufin soron da damina ta jiƙa. Na fara lura da gwiwoyin mutane: yadda Goggo ke durƙusawa ta hura wuta, yadda ƙannena ke naɗe ƙafa su ci tuwo, yadda kowa ke zaman tahiya ba tare da ya san ni'ima ce ba. Duk wannan lokaci Inna ba ta sa baki ba. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin, inuwarta ta gifta a kan labule, ta ajiye kwano ta ce, "Hanne, ga na mai ɗakin nan."

Wata Alhamis da safe na ji tana gaya wa Baba za ta Kabo, ana suna a danginsu, ƙanenta Kawu Sale zai zo ya ɗauke ta. Ta fito da sabuwar atamfa da mayafinta na unguwa. Ta labule na hango ta, kuma ba zan ɓoye miki ba, ranar na yi kuka. Ban yi kukan ƙafa ba tun karaya ta biyu, amma na yi kukan atamfar nan. Na ce a raina, wato har suna take iya zuwa.

Ta dawo ana kiran magariba. Ba ta zo da goro ko alewa ba, ba ta zo da ko ɗan tuwon suna ba, abin da Goggo ta yi ta mita a kai. Da ta shigo ɗaukar fitila a ɗakinmu, mayafinta ya shafi gefen gadona, na ji wani wari mai kaifi, irin na maganin da ake goge ƙasa da shi. Na san warin, amma hankalina yana wajen fushina, ban tsaya tuna inda na san shi ba.

Washegari da safe Baba yana shan kunu a tsakar gida, ita tana tankaɗe, ta yi magana kamar da rariya take yi.

"Malam, wai abin nan ba ƙashin komai ba ne."

"Wane abu?"

"Na allurar yarinyar nan. Wai gari ne fari, daga ma'adinin ƙasa ake haɗa shi, irin sinadarin da Allah ya gina ƙashin mutum da shi tun asali. Babu dabba a ciki, babu mutum. Ana kwaɓa shi da ruwansa a take a ɗura. Kuma wai irin wanda za su sa mata ba ya dawwama. Jiki ne ke cinye shi kaɗan-kaɗan yana gina nasa ƙashin a gurbin."

Baba ya ajiye ludayi. "Wa ya faɗa miki?"

"A wajen suna aka ce."

"Matan Kabo sun zama likitoci ke nan."

"Ni dai haka na ji. Ka je ka tambaya da bakinka, ya nuna maka kwalin ka gani. Wanda ya zo neman sani ba ƙure ya zo yi ba, kai ma kullum haka kake gaya wa ɗalibanka."

Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka a kaina ba. Goggo da ke taje mini kai ta tsaya da matajin a hannu. Bayan kwana kaɗan Baba ya shirya ya tafi Kano shi kaɗai. Da ya dawo da yamma ya tsaya a tsakar gida yana cire takalmi, ya ce a fara haɗa kaya, za a yi allurar. Sannan ya juya wajen madafi.

"Likitan ya ce tambayoyina ba baƙi ba ne a kunnensa."

"Allah sarki," in ji Inna, ta ci gaba da iza wuta.

Ranar aikin ba su sa ni barci ba, allura suka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama kamar ba nawa ba. Sun kare ni da zane don kada in ga ƙafar, amma akwai wani allo mai haske a gefe da ke nuna cikin ƙashin, kuma ba wanda ya hana ni kallon sa. Na ji ƙarar kankara can nesa, kamar ana kankare ƙanzo a gidan maƙwabta. Sai na ji likitan ya ce a kwaɓa, su yi sauri kafin ya fara kamawa. A kan allon na ga bakin allurar ya shiga ɗan ɗakin nan nawa mai duhu. Sai fari ya fara fitowa daga bakinta, a hankali, yana taruwa daga ƙasa, yana bin kowane lungu, kamar ana zuba nono a ƙwarya. Ya hau, ya hau, har ya taɓa rufin da nake mafarkin ruftawarsa, ya tokare shi. Duhun ya ƙare. Hawaye suka gangaro mini cikin kunne.

"Safiya, zafi kike ji?" in ji likitan.

Na ce a'a, kyau ne ya yi mini. Ma'aikaciyar da ke riƙe da hannuna ta yi dariya ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya yabi siminti haka ba.

Wurin hujin bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Goggo ta duba shi ta sake dubawa, ta ce yanzu duk wahalar nan da gardamar malamai a kan wannan ɗan wurin ne? Muka koma gida da sandunan dogarawa da dokar kada in yi gaggawa. Kullum da rana sai ga kwanon farfesun ƙafar saniya a bakin ƙofa, da muryar nan: "Hanne, ga na mai ɗakin nan." Malam Tanko ya zo dubiya daga Gammo, ya taɓa ƙwaurin, ya ce to, su sun yi yaɓen ciki, shi ya yi na waje, kowa da aikinsa.

Ranar da aka ba ni izinin takawa ba sanda, da hantsi ne, kuma Inna tana daka a gindin darbejiya ta ba ni baya. Na fito daga ɗakin Goggo, na sa ƙafar dama a ƙasa, na saurara. Ba ƙara. Na taka har dokin ƙofar da na karye a kansa, na tsallake, na dawo. Sannan na zo tsakiyar gida na durƙusa a kan gwiwoyina duka biyu, don kawai in ji sun lanƙwasu. Goggo ta rangaɗa guɗa. Inna ba ta waiwayo ba, amma taɓaryar ta tsaya a sama, ta daɗe a tsaye, kafin ta sauka.

Na rasa shekarar karatu, na shiga kwaleji bayan ƙawayena, kuma har yau in hadari ya haɗo ƙwaurin yakan gaya mini kafin kowa. Iyakar abin da na biya ke nan. Bayan wasu shekaru, ana gab da aurena, na koma aka sake ɗaukar hoto. Likitan ya ɗaga shi saitin taga yana neman wurin da ya cike, da ƙyar ya gane iyakarsa. Farin kwaɓin ya kusa ƙarewa, ƙashi ya maye gurbinsa, nawa, mai jini da rai. Na kawo wa Baba hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ke tufatar da ƙasusuwa. Don haka in yara sun sake ce miki uwarki ƙafar siminti gare ta, ki ce musu an yi baƙo ne, ya gyara ɗakin ya tafi.

Sauran labarin kuwa sai ranar sunanki na ji shi. Ina gida wankan jego, ɗakin Goggo cike da mata, Kawu Sale ya leƙo yin barka. Da na gan shi sai na yi sauri na miƙa ki ga Goggo na sunkuyar da kai, ban ma san na yi ba.

"Au, ke ma kin fara?" ya ce yana dariya. "Yaya sunan jaririyar? Faɗi mu ji."

Na ƙi faɗa, mata suna ta dariya. Ya jira suka ragu, ya zauna a bakin ƙofa ya rage murya.

"Kin tuna sunan da na zo na ɗauki Yaya zuwa Kabo kina kwance? An yi sunan kam, amma ko ƙofar gidan ba ta taka ba. Muna fita gari ta ce in miƙe Kano. Muka wuni a kan benci har likitan ya gama da kowa. Da muka shiga, ba maganar allura ta fara yi ba. Ce masa ta yi, ni na gama haihuwa, ƙuguna ba shi da sauran aiki, a ɗebi nawa a zuba mata. Mutumin nan sai da ya cire tabarau. Ya ce Hajiya ba sai an kai ga haka ba. Shi ne ta jero masa tambayoyin Malam ɗaya bayan ɗaya yadda ta ji su ta bayan katanga, ta sa shi ya yi ta maimaita amsa har ta haddace kamar karatun allo."

Goggo tana jijjiga ki, idonta a kan bango, na gane ta daɗe da sani.

"Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba," in ji Kawu. "Da farko likitan bai gane wa take nufi ba, mutane yake gani ba iyaka. Ya ce, Hajiya, wace yarinya, yaya sunanta? Na buɗe baki zan ɗauke mata nauyin, sai ta riga ni. Ta ce, Safiya. 'Yata ce, ta fari."